Aminu Ɗantata: Daga Bakin Sikeli Zuwa Rijiyar Mai



Ranar Asabar, 28 ga Yuni, 2025, aka wayi gari da labarin rasuwar Alhaji Aminu Alhassan Ɗantata a birnin Abu Dhabi, yana da shekara 94 a duniya. Aka yi masa sallar ga'ib a Kano, ranar Talata 1 ga Yuli kuma aka kai shi makwancinsa a Madina, inda ya daɗe yana burin a binne shi. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa. A kwanakin ta'aziyya an yi ta maganar yawan dukiyarsa da yawan kyautarsa, kuma duka biyun gaskiya ne. Ni yau kan aikinsa nake so mu tsaya. Mutumin nan ya shiga kasuwa a 1948, bai bar ta ba sai da rai ya yi halinsa, shekara 77 ke nan. A tsakanin nan gyaɗa ta yi tashe ta faɗi, fam ya tafi naira ta zo, Turawa sun tafi, soja sun hau sun sauka, masana'antun Kano sun tashi sun durƙushe. Hajar da ya fara da ita ba ita ce ya ƙare da ita ba, amma gidan yana tsaye. Abin da nake so mu bincika shi ne me ya riƙe gidan.

Ba a fahimtar Aminu sai an fara da mahaifinsa. Alhassan Ɗantata an haife shi a Bebeji a 1877, cikin Agalawa, mutanen da fatauci ya zama musu gado. Ya yi cinikin goro tsakanin ƙasar Gwanja da ƙasar Hausa, kuma yana cikin na farko da suka gane cewa maimakon ayari ya shafe watanni a daji da jakuna, ana iya ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar tekun ƙasar da yau ake kira Gana a sauke a Ikko. Da dogo ya iso Kano, aka buɗe shi a 1912, kamfanonin Turawa suka fara neman gyaɗa ido rufe, sai ya juya akalarsa. Daga 1918 ya zama mai saya wa kamfanin Niger Company, wanda daga baya ya narke cikin kamfanin UAC. A 1929, da bankin Bank of British West Africa, wato First Bank na yau, ya buɗe reshe a Kano, an ruwaito cewa ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. Lokacin da ya rasu a watan Agustan 1955, ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

To, a irin wannan gida aka haifi Aminu a 1931, na 15 cikin 'ya'ya 17. Ya yi firamare a Dala, ya ci gaba da karatu a makarantar da mahaifinsu ya buɗe a gida. Yana ɗan shekara 17 aka tura shi sayen amfanin gona. Ina so masu sauraro su tsaya a nan, domin a ganina wannan ce makarantarsa ta gaskiya.

Matasan yau da ba su ga zamanin gyaɗa ba suna iya ɗauka sayen gyaɗa zama ne a inuwa ana ƙirga buhu. Ba haka ba ne. Tun kafin kaka ake raba wa yaran gida da dillalai kuɗi su shiga ƙauyuka, wani ya nufi Bichi, wani Gaya, wani har ƙasar Haɗeja da Gumel. Ba takardar lauya, ba jinginar gida. Mutum zai ɗauki kuɗin da ya fi ƙarfin duk abin da ya mallaka, ya yi tafiyar kwanaki, kai kuma kana jiran ya dawo da kaya. Idan ya dawo, sai ka tsaya a bakin sikeli ka zura hannu cikin buhu, ka ji ko tsabar ta bushe ko da danshi, ka duba ko an cuɗa ta da tsakuwa da ɓawo. Ka rage wa manomi awo, baɗi ba za ka gan shi ba, zai kai wa wani mai saye da ke gefenka. Ka yi sakaci, yaronka ya cinye jarin. Wanda ya yi shekaru a wannan aiki yakan fita da ilimin da ba a rubuta shi a allo: wa za a ba bashi, nawa za a ba shi, yaushe za a yi masa haƙuri, yaushe za a janye hannu. Daga baya Aminu ya shiga gine-gine, ya shiga banki, ya shiga man fetur, alhali shi ba injiniya ba ne, ba masanin ƙasa ba ne. Abin da ya tafi da shi kowane fage shi ne sanin mutane da sanin lissafi, kuma a bakin sikeli ya samo su. A 1955 har an ba shi riƙon harkokin kamfanin a yankin Sakkwato.

A shekarar ce mahaifin ya rasu, kuma nan ne gidaje da yawa na attajiranmu suke karyewa. Ku tuna, ba Alhassan kaɗai ne ya yi arziki da gyaɗa a Kano ba. Akwai Umaru Sharubutu, akwai Maikano Agogo, akwai Adamu Jakada, manyan mutane waɗanda tarihi ya riƙe sunayensu, zuriyarsu kuma tana nan da mutuncinta. Amma sunan da ya ci gaba da zama a kan allon kamfani, tsara bayan tsara, har ya zagaye ƙasa, na Ɗantata ne. Kowa a cikinmu ya san labarin wani Alhaji a garinsu mai manyan motoci da shaguna, wanda bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado, wannan ya ɗauki mota biyu, wancan ya ɗauki shago, mata suka karɓi tumunin takaba, kafin shekara biyar babu motar, babu shagon, yaran gida sun watse. Kada wani ya ce laifin rabon gado ne. Rabon gado hukuncin Allah ne, kuma adalci ne. Matsalar ita ce yawancin attajiranmu ba sa barin abin da za a iya rabawa ba tare da an yanka shi ba. Kasuwancin yana cikin kan mai gida, lissafin yana aljihun rigarsa, masu bashi shi kaɗai ya san su.

Alhassan ya yi wani abu dabam. Kafin ya rasu ya riga ya mayar da harkarsa kamfani mai rajista, Alhassan Dantata & Sons, kuma an ruwaito cewa a ciwon ajalinsa ya ja hankalin 'ya'yansa su zauna tare, kada su bari kamfanin ya rushe. Aka raba gado bisa shari'a, kowa ya san rabonsa, amma kamfanin ya ci gaba da numfashi. Wan Aminu, Ahmadu, ya karɓi shugabanci, a 1958 Aminu ya zama mataimakinsa. Da Allah ya yi wa Ahmadu rasuwa a 1960, ragamar ta faɗo hannun Aminu yana ɗan shekara 29. Yana da yayye a raye. Alhaji Sanusi yana nan da nasa babban kasuwancin, Alhaji Mahmuda yana nan, wanda harkar jigilar alhazai da ya kafa tare da abokansa ta bar wa unguwar Wapa sunanta a Fagge. A al'adarmu ba ƙaramin abu ba ne a bar ƙane ya riƙe gida yayye suna kallo. Duk wanda ya taɓa zama a wurin sulhun magada ya san cewa irin wannan haƙuri ya fi jari wuyar samu. Ina ganin yayyen nan sun cancanci yabon da ba a cika ba su ba.

Shekarar da ya karɓi kamfanin ita ce shekarar samun 'yancin kai, kuma ya karanci lokacin daidai. Gyaɗa tana kan ganiyarta, dalar gyaɗa tana tsaye a Kano, ana cewa dala ɗaya kan ɗauki buhu har 15,000. Mai gajeren tunani da ya zauna a kan abin da ya gada. Amma tun wajejen ƙarshen shekarun 1940 cinikin ya koma ƙarƙashin hukumar gwamnati mai sayen amfanin gona. Ita ke yanka farashi, ita ke ba da lasin saye, mai lasin kuma ladan da aka ƙayyade masa kawai yake ci. A wancan gefen kuwa, sabuwar gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardauna tana son gina makarantu da barikoki da ofisoshi, kuma tana son 'yan Arewa su sami kwangilar da a da sai kamfanonin baƙi. Sai Aminu ya ƙarfafa ɓangaren gine-gine. Kamfaninsa ya yi aiki a makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, da makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, da faɗaɗa Jami'ar Ahmadu Bello. A 1961 yana cikin tawagar tattalin arziki da Nijeriya ta tura ƙasashen duniya neman abokan hulɗa. A 1964, da aka kafa bankin raya masana'antu na ƙasa, yana cikin daraktocinsa na farko, yana ɗan shekara 33.

A nan dole in faɗi wani abu, domin yabon da ba a haɗa shi da gaskiya ba, ba ya amfanar mai rai, ba ya ƙara wa mamaci komai. Arzikin gidan Ɗantata, kamar na kusan duk manyan attajiran Nijeriya na wancan zamani, ya girma ne a kusa da gwamnati. Lasin sayen gyaɗa daga hukuma yake fitowa, kwangila daga ma'aikata take fitowa, daga baya izinin shigo da kaya da rijiyar mai duk sa hannun hukuma ne. Kuma tsarin hukumar sayen amfanin gona, wanda masu lasin suka ci moriyarsa, ya daɗe yana biyan manomi ƙasa da abin da gyaɗarsa ke kawowa a kasuwar duniya. Rarar ta gina makarantu da hanyoyi, haka ne, amma guminta na talakan ƙauye ne. Ba Aminu ne ya tsara wannan ba, a ciki ya tarar da kansa. Sai dai matashin da ke sauraro na yanzu ya kamata ya san cewa ba ƙwazo kaɗai ba ne. Akwai gado, akwai suna, akwai ƙofofin da ke buɗewa idan an ji ɗan wane ne. Abin da za a yaba masa shi ne mutane da yawa sun sami irin waɗannan ƙofofi a buɗe, suka shiga suka fito hannu wofi.

A 1967 aka ƙirƙiro Jihar Kano, Audu Bako ya zama gwamna. A 1968 ya ɗauko Aminu ya ba shi kwamishina mai kula da raya tattalin arziki da ciniki da masana'antu, ya riƙe har 1973. Shekarun nan su ne Kano ta shimfiɗa abubuwan da har yau take ci daga gare su, madatsun ruwa irin su Tiga da Bagauda, da yunƙurin mayar da birnin garin masana'antu ba garin saye da sayarwa kawai ba. A yau idan aka ba babban ɗan kasuwa ma'aikatar da ke kula da kasuwanci, za a tambaya ina iyakar aljihunsa da aljihun hukuma, kuma tambaya ce mai kyau da ya kamata a riƙa yi. A wancan lokaci sabuwar jiha ce mai ƙarancin ma'aikata masu ƙwarewa, kuma mutum ne da ya san kasuwa ciki da bai, ya san bankuna, ya san baƙin da ke da jari. Ina ganin Audu Bako ya yi dabara da ya jawo shi.

Yana barin kujerar, duniyar da ya taso a cikinta ta kife. Farin da ya auka wa ƙasashen Sahel daga 1972 zuwa 1974 ya ƙone amfanin gona, a 1975 kuma cutar kuturtar gyaɗa ta share gonaki. Kuɗin man fetur ya shigo kamar ambaliya, samari suka bar ƙauye suka nufi birni, dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano ba ta sake dawowa ba. Wanda duk jarinsa da tunaninsa ke kan gyaɗa, a nan ya tsaya. Gidan Ɗantata kuwa ya riga ya kafa ƙafa a gine-gine da sufuri da shigo da kaya. Sannan ga dokokin mayar da kamfanonin baƙi hannun 'yan ƙasa, na 1972 da na 1977, waɗanda suka tilasta wa kamfanonin ƙetare sayar da wani kaso na hannun jarinsu. Masu kuɗi a hannu su ne suka iya saye, kuma a Arewa ba su da yawa. Rukunin Ɗantata ya sayi hannun jari mai kauri a SCOA, da Mentholatum, da kamfanin matsar man angurya na Funtuwa, da kamfanin kekunan Raleigh. Dattawa za su tuna lokacin da keken Raleigh yake abin alfaharin malamin makaranta da ango, kuma a nan Kano ake harhaɗa shi.

Wannan babi shi ne ya fi damuna a duk tarihin, kuma ba laifin mutum ɗaya nake nufi ba. Sayen hannun jari a masana'anta dabam, iya ƙera abin da masana'antar ke ƙerawa dabam. Attajiranmu sun hau kujerun daraktoci, amma injin daga waje yake zuwa, kayan gyaransa daga waje, sau da yawa har kayan da ake sarrafawa daga waje. Muddin naira tana da ƙarfi, ba wanda ya ga ramin. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka zo da shirin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta zube, sai masana'antar da ke sayen komai da dala ta kasa numfashi. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, kowace masana'anta ta koma ƙona man dizal. Kayan fasa-ƙwauri suka cika kasuwa. Wanda ya zagaya Bompai da Sharaɗa da Chalawa a yau zai ga manyan gine-gine da ƙofofi a garƙame, wasu an mayar da su sito ana ajiye kayan da aka ƙera a wata ƙasa. Kantin Kwari yana cike maƙil da atamfa, amma mafi yawanta daga Sin take zuwa, a garin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana saƙa da rini yana kai wa har bayan hamada. Ubannin gida nawa ne suka rasa albashi a wannan rushewa? Aminu Ɗantata ya tsira domin bai taɓa zuba dukiyarsa a fage ɗaya ba. Ma'aikacin masaƙa ba shi da fage na biyu. Hikimar da ta ceci gidan attajiri ba ta isa ta ceci gari ba, domin gari sai da wuta da hanya da hukuma mai tsare iyaka.

Daga nan ya sake juyawa. A farkon shekarun 1990, da gwamnatin tarayya ta fara ba 'yan ƙasa izinin haƙar mai, kamfaninsa Express Petroleum and Gas yana cikin waɗanda suka samu, ya haɗa gwiwa da kamfanin Conoco na Amurka a wani fili da ke cikin teku. Mutumin da ya fara da auna gyaɗa a ƙauyukan Kano, ga shi yana da rabo a ɗanyen man da ake haƙowa daga ƙarƙashin ruwa. Dabarar dai ita ce ta tun farko: ya kawo jari da suna da sanin ƙasa, ya nemo wanda ya iya aikin, ya tsare lissafi. Ya kuma zuba dukiya mai yawa a filaye da gidaje, a gida da waje, abin da ba ya ruɓewa idan naira ta faɗi.

Amma a cikin harkokinsa na ƙarshen rayuwa, wadda ta fi burge ni ita ce ta bankin Jaiz. Dubban 'yan kasuwarmu sun shafe shekaru suna gudun banki saboda tsoron kuɗin ruwa. Kuɗinsu yana cikin akwati a shago, ko a jikin shanu, ko a hannun wani amintacce. Mai irin wannan hali ba ya samun rancen faɗaɗa sana'a, dukiyarsa kuma ba ta shiga inda za ta yi wa wani aiki. Tun 2003 aka fara yunƙurin kafa bankin da ba ya mu'amala da ruwa, Alhaji Umaru Mutallab yana jagoranci, kuma aka sha wahalar tara jarin da Babban Bankin Nijeriya ya gindaya, musamman bayan an ɗaga shi zuwa naira biliyan 25. Aka sha surutu da zargi daga waɗanda ba su fahimci tsarin ba. Sai a ƙarshen 2011 aka sami lasin, a watan Janairun 2012 bankin ya buɗe da rassa uku, Abuja da Kaduna da Kano. Aminu Ɗantata yana cikin waɗanda suka sa kuɗinsu da sunansu tun abin yana ƙasa, suka yi haƙurin shekarun da babu riba. A ganina wannan ya fi rijiyar mai amfani ga ɗan kasuwar Singa da na Dawanau, domin ya buɗe masa ƙofar da imaninsa ya yarda ya shiga. Ɗan mutumin da ya kai raƙuman azurfa bankin Turawa ya taimaka an kafa bankin da mutanensa za su shiga da natsuwa.

Maganar kyautarsa ba sai na tsawaita ba, an faɗe ta da yawa. Cibiyar wankin ƙoda da ya gina a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tana nan tana aiki. Ya zama uban Jami'ar Al-Qalam ta Katsina. A watan Satumban 2024, da madatsar ruwan Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri, ya tashi da kansa yana da shekara 93 ya je jaje, ya ba da naira biliyan ɗaya da rabi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar da ya yi a ƙarshen 2022, lokacin da wasu 'yan siyasa suka kai masa ziyara. Ya nuna cewa ya daina jin daɗin duniya, sa'o'insa da ya yi hulɗa da su a faɗin ƙasar nan kusan duk sun tafi, shi ma lokacinsa yake jira. Mutane da yawa sun yi mamakin jin haka daga bakin mai irin wannan dukiya. Ni ban yi mamaki ba. Mutumin da duk sana'arsa ta ginu a kan sanin mutane, idan mutanen suka ƙare, dole kasuwar ta yi masa faɗi.

Gidan kuma ya yi rassa. Alhaji Aliko Ɗangote jikan Alhaji Sanusi ne ta wajen uwa, a gidan ya tashi, kuma da saye da sayarwa ya fara a ƙarshen shekarun 1970 kafin ya koma ƙera abin da yake sayarwa, siminti da sukari da taki, har matatar mai da aka ƙaddamar a Legas a 2023. Matakin da tsarar Aminu ta taka rabi, na tashi daga fatauci zuwa ƙira, tsarar bayansa ta ƙarasa shi. Sai dai mu lura, manyan masana'antun nan ba a Kano suke ba. Suna inda akwai dutsen siminti, ko iskar gas, ko tashar jirgin ruwa. Jari ba ya bin garin haihuwa, yana bin inda aiki zai yiwu, kuma wannan magana ce da ta rataya a wuyan gwamnonin Arewa.

Yanzu gidan ya sake zuwa mararrabar da ya tsallake a 1955 da 1960. A wancan karon 'ya'ya 17 ne na mutum ɗaya, mafi yawansu a unguwa ɗaya. Yau zuriya ce mai yawan gaske, wasu sun yi karatu a Ingila da Amurka, kowa da tasa harkar, dukiyar kuma ta bazu a ƙasashe. Riƙe irin wannan ya fi na da wuya. Ina yi musu fatan abin da kakansu ya roƙa, su raba abin da Allah ya ce a raba, su bar kamfanin da ransa.

Ina kuma da roƙo guda biyu. Na farko ga iyalan. Littattafan lissafin kamfanin nan, da wasiƙunsa, da takardun kwangilolinsa tun daga zamanin gyaɗa, tarihin tattalin arzikin Arewa ne ba na gida ɗaya ba. Yawancin abin da ɗalibanmu ke karantawa game da cinikin gyaɗa daga takardun Turawan mulki da na kamfanoninsu aka samo shi. A tattara na gidan Ɗantata, a adana, a ba masu bincike na Jami'ar Bayero da na Gidan Arewa da ke Kaduna dama su duba. Tsofaffin akawu da direbobi da yaran gida da suka yi aiki da marigayin, waɗanda suka rage, a je a naɗi muryarsu tun suna iya ba da labari.

Na biyu ga ɗan kasuwar da ke saurare na a shago ko a cikin mota. Ba sai kana da rijiyar mai ba. Je ka yi wa sana'arka rajista, ka raba kuɗin cefane da kuɗin jari, ka sa ɗanka ko 'yarka su san wa kake bi, wa ke bin ka. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, amma mu da muke karanta ta kullum mu ne muka fi kowa ƙyamar rubutu a ciniki, muna ganin kamar rashin yarda ne. Idan kana da abokin tarayya, ku zauna gaban malami da lauya ku rubuta kason kowa tun kuna dariya da juna. Idan 'ya'yanka sun kai munzali, kawo su shago lokacin hutu su tsaya inda ake awo da ƙirga, kamar yadda aka tura Aminu yana ɗan shekara 17.

A nan za mu dakata a shirinmu na yau. Allah ya jiƙan Alhaji Aminu da magabatanmu baki ɗaya.